Yadda Za Ku Tsare Filin Unguwarku Kafin A Yanka Shi Fulotai

Kusan kowace shimfiɗar gwamnati, wato unguwar da hukuma ta tsara ta yanka fulotai, a Kano ko Kaduna, idan aka buɗe taswirarta ta asali, za a tarar an ware wuri don makaranta, asibiti, kasuwa da filin wasan yara. Je ka duba yau. Filin ya zama bola, ko an kewaye shi da shaguna, ko kuma wata safiya an wayi gari tifa ta sauke yashi. A unguwannin awon igiya ma abin ya fi muni, don tun farko babu wanda ya bar ko taku goma. Filin da ba a ganin kowa a kansa shi dillalai suka fi so, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga yadda mutanen unguwa za su bi.

1. Ku fara da takarda, shuka ta biyo baya

Yawancin ƙungiyoyin matasa a nan suke tuntuɓe: su share fili, su dasa itatuwa, bayan shekara wani ya zo da takardar mallaka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen cikin birni a hannun gwamnan jiha, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su. Saboda haka "tun kakanninmu muke ƙwallo a nan" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Ku tura mutum biyu ko uku masu haƙurin zaman ofis su nemi lambar shimfiɗar unguwar da kwafin taswirarta. A Kano, KNUPDA ke kula da tsarin gine-gine, KANGIS kuma ke riƙe da bayanan filaye. A Kaduna KASUPDA ce da KADGIS, a Abuja AGIS. Abu biyu kuke nema: me aka ware wurin dominsa, kuma an taɓa ba wani shi? Idan taswira ta nuna filin jama'a ne, ku yi kwafi da yawa, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya a wayar kowane ɗan kwamiti. Idan kuwa na wani ne, ku same shi ku nemi aro a rubuce, da shaidu, a kuma faɗi shekara nawa.

2. Ku bi ta ƙofar manya

Mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan kansila. Kada ku tsallake ko ɗaya, ko da kuna zargin da hannunsa a sayar da filayen baya. Wanda aka ba girmansa a bainar jama'a, aka sa hannunsa a takardar koke, da wuya ya juya ya sayar da wurin a ɓoye. Liman kuma ya sanar bayan sallar Juma'a.

3. Ƙungiya mai rajista

Hukuma ba ta yin yarjejeniya da "samarin layi". Ku yi rajista a ƙaramar hukuma, in da hali ku kai CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a yi muku ta amintattu, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku. Sannan ku rubuta wa hukumar tsara birni kuna neman izinin kula da filin, ku bayyana ƙarara cewa ba mallakarsa kuke nema ba. Ku tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinku. Wannan ɗan hatimin wata rana shi zai yi magana.

A kwamitin a sa mata. Su suka san lokacin da yara ke fita, da kusurwar da 'yan shaye-shaye ke taruwa, da gidan da ke aiko almajiri zubar da shara bayan isha'i. A sa kyaftin ɗin 'yan ƙwallo ma, in ba haka ba ranar da kuka dasa itace a bakin raga, ranar za a tuge shi.

4. Shara da iyaka

Ku haɗa aikin gayyar farko da ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ku nemi hukumar kwashe shara, wato REMASAB a Kano, ta turo mota. Amma kafin nan ku yanke inda mutane za su riƙa kai shararsu, don wanda aka hana bola ba a nuna masa wata ba, cikin dare zai dawo. A ranar kuma a kafa alamun iyaka: tsofaffin tayoyi a binne rabi a shafa musu fenti, da allo mai sunan ƙungiya da lambar shimfiɗa. Ban ba da shawarar doguwar katanga ba. Tana cin kuɗi, tana ɓoye masu ɓarna, kuma ita ce ke fara jawo maganar "bari mu fitar da shaguna a jikinta don samun kuɗin shiga". Wanda ya ga rusau ɗin shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata a 2023 ya san inda wannan magana ke ƙarewa.

Idan filin kwari ne ko tsohon kududdufi, kada ku cike shi. Nan ruwan unguwa ke sauka da damina. Aka toshe shi, gidajenku zai shiga.

5. Dashe

A jira ruwa ya zauna, Yuli zuwa farkon Agusta. Ba banza ba 'yan Nijar suke bikin dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta. Darbejiya tana da jure fari da saurin ba da inuwa, ita aka fi dasawa a shingen itatuwan da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965, wanda shi ma gine-gine suka ci wani ɓangarensa. Maɗaci da tsamiya suna jinkiri amma jikoki za su mora. Itacen turare kuwa a nisanta shi da rijiya da gini, yana zuƙe ruwa. Mangwaro na da daɗi, sai dai ku shirya wa jifa.

Rami ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa toka saboda gara. A yaga ledar dashen a hankali kada ƙasar saiwar ta warwatse. Tsakanin itace da itace a bar taku takwas zuwa goma, duk a gefe-gefe, tsakiya ta zama ta yara. Kowane dashe a yi masa keji na bulo ko ƙaya a ranar, domin akuya ba ta jiran gobe.

Itace ashirin da za ku iya shayarwa sun fi ɗari biyu na ɗaukar hoto. Watan Maris da Afrilu ne ke kashe dashe. Ku raba su gida-gida, a rubuta sunan gidan a jikin kejin, kowa ya san nasa. Jarka ɗaya ta ɗan garuwa sau biyu a mako, da yamma, ta wadatar da ƙaramin itace, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa. Ruwan alwalar masallacin da ke kusa ma, a ja masa 'yar kwata zuwa gindin itatuwa maimakon ya kwanta a titi.

6. Kada filin ya kwana shiru

Benci biyu na siminti a ƙarƙashin inuwa don dattawa, gasar ƙwallo tsakanin layuka, musabaƙar Islamiyya, kamu ko walima a kan ɗan kuɗin da aka amince da shi. A karanta lissafin shiga da fita duk wata a gaban jama'a. 'Yan sintiri su sa filin cikin zagayensu, a kafa fitila mai aiki da hasken rana a kusurwar da ta fi duhu.

Ranar da kuka ga masu awo ko an sauke bulo, kada kowa ya ɗaga hannu. A ɗauki hoto, a kira mai unguwa, a tambayi mai ginin takardar izininsa, a kai koke a rubuce ga hukumar tsara birni a ranar, haɗe da kwafin taswira da wasiƙarku mai hatimi. Idan aka kwana biyu ba a ji motsi ba, a nemi lauya ya roƙi kotu ta dakatar da aikin kafin a kai linta, a kuma kai maganar gidan rediyo.