Darasi na 7: Takardu Biyu na Gwajin Ciwon Dajin Hanji

Idan likita ya ga ƙari a babban hanji, yakan tsinko ɗan nama kamar ƙwayar dawa a kai ɗakin gwaji, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Daga wannan naman takardu biyu kan fito. Ta farko tana faɗin kamannin naman a ƙarƙashin madubin likita. Ta biyu tana faɗin tangarɗar da aka samu a ƙwayoyin halittarsa.

Mataki na 1: lamba. A saman takardar farko akwai sunan mara lafiya da lambar naman. Ɗora yatsa a kai. Karanta harafi ɗaya ɗaya, kada ka yi sauri. Yanzu ɗauko ta biyu, nemo lambar naman da aka gwada. Sun yi daidai? Madalla. Sake dubawa. Wanda idonsa ya yi rauni ya ce jikansa ya karanta da ƙarfi, ba abin kunya ba ne. Baba, Hajiya, na ga an riga an tsallaka zuwa ƙasan takarda! Ku dawo sama. Lamba tukuna. Wallahi a nan ake yawan tuntuɓe, mutum ya ninke takarda ɗaya a aljihun riga, ɗayar tana gida ƙarƙashin katifa. Haɗa su wuri guda, ka duba lamba.

Mataki na 2: a takarda ta biyu, nemo haruffa uku, MSI, sunan wata irin tangarɗa. Kusan 15 cikin 100 na wannan ciwo suna da ita, wato jikin ƙarin ya kasa gyara kurakuran ƙwayoyin halitta. Irin wannan ƙari ya fi fitowa a ɓangaren dama na hanji, namansa sau da yawa mai yauƙi ne, cike da sojojin garkuwar jiki. Shi ya sa kamannin nama kaɗai kan sa likita ya nemi gwaji na biyu. Maganin da ke zaburar da garkuwar jiki yana kama shi sosai. Wani lokaci gado ne, don haka a tambaya ko 'yan uwa su yi gwaji.

Mataki na 3: KRAS, sunan wata ƙwayar halitta. Kusan 40 cikin 100 na wannan ciwo suna da tangarɗa a cikinta. Idan akwai wannan tangarɗa, maganin dajin hanji mai suna cetuximab ba ya aiki, kada a ɓata kuɗi.

Mataki na 4: BRAF, ita ma ƙwayar halitta ce. Kusan 10 cikin 100 na wannan ciwo suna da tangarɗa a cikinta. Nuna wa likita.

Aikin gida: kwafi lambar katin asibitinka sau biyar.