Kamfanin da ke karɓar bashin karatu a Amurka: yadda ake hulɗa da shi

A nan Maradi mun saba da bursin ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, wanda ba a mayar da shi bayan an gama karatu. Shi ya sa iyaye ke ruɗewa idan ɗansu mai katin zama a Amurka ya ce wani kamfani na binsa kuɗin makaranta. Ɗan yayata na cikin irin waɗannan yaran, kuma ni yake turo wa takardunsa ta WhatsApp, tunda lissafi ne aikina.

Idan bashin na gwamnatin tarayya ne, mai kuɗin ita ce Ma'aikatar Ilimi ta Amurka. Kamfanin wakili ne kawai, kamar mai karɓar kuɗin haya a gidan da ba nasa ba. Shi ke aiko takardar biya duk wata, ya karɓi kuɗi, ya rubuta abin da ya saura. Daga cikinsu akwai Nelnet, MOHELA, Aidvantage da Edfinancial. Yaro ya shiga StudentAid.gov ya ga wanne ne nasa, ya buɗe asusu a shafinsu, ya gyara adireshi da imel. Bashin yakan sauya hannu: a ƙarshen 2021 wani kamfanin irinsu, Navient, ya janye, aka mayar da masu bashin wurin Aidvantage. Wanda ya bar tsohon imel sai dai ya ji labari a makare.

Bayan barin makaranta ana ɗaga ƙafa wata 6, sannan biya ya fara, a tsarin da aka saba na shekara 10. Na sa ɗan yayata ya yarda a riƙa cirewa kai tsaye daga asusunsa na banki, don ana rage 0.25 daga kason ruwan da ake ɗora wa bashin cikin ɗari. Kaɗan ne, amma mu da kuɗin ruwan ke damun zuciyarmu, ko nawa aka rage alheri ne. In kuma ya samu rara, ya gaya musu a fili a ɗora ta kan bashin da ruwansa ya fi yawa.

Inda aka fi yin asara shi ne shiru. Aiki ya tsaya? Ya kira su tun ranar biya ba ta zo ba, ya nemi tsarin da ake auna biya da abin da mutum ke samu. Akwai dakatar da biya na ɗan lokaci, sai dai sau da yawa ruwan na ci gaba da taruwa, don haka ni ba na son a fara da shi. Kwana 90 babu biya, sunan mutum ya ɓaci a wurin bankuna. Kwana 270, an sa shi cikin waɗanda suka ƙi biya. Dawowa gida Maradi ba ya shafe ko dala ɗaya.

Duk wannan taimakon kyauta ne. Wanda ya bugo waya yana neman kuɗi don ya "yafe" bashi, a kashe wayar. Kuma duk maganar da aka yi da kamfanin, a rubuta ranar da sunan wanda ya amsa, a ajiye hoton kowace takardar biya.