Yadda ake kula da tsohuwar hular kwanon soja ba tare da an kashe ta da gyara ba

Mutum shida suka taɓa kawo mini hular kwano ta zamanin yaƙin Hitila a nan Kassala ta gabashin Sudan, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ya kawo tasa kafin ya sa mata hannu. Sauran sai da suka kankare, suka goge, wani ma ya kai wa mai fentin mota, sannan suka zo tambayar nawa za ta yi. Ban ji daɗin ba su amsa ba. Don haka abu na farko, ka kawar da sanfefa da soson ƙarfe daga gabanka, ka ɗauki waya ka yi wa hular hoto ciki da waje, a inuwa, da ƙurarta da komai.

Sannan ka gane wace ce a hannunka. Sojojin Italiya sun kama Kassala a Yulin 1940, suka janye a Janairun 1941, daga nan rundunonin Ingila da Indiya da Sudan suka bi su har Keren ta Eritiriya, wadda ta faɗi a ƙarshen Maris. Iri biyu na fi gani a wannan yanki. Ta Ingila, wadda ake kira Mk II, kamar kifaffen kwano take mai faɗin baki, da noti guda a tsakiyar ka wanda ke riƙe da shimfiɗar ciki. Juya ta ka duba ƙarƙashin bakin, kusa da maƙalin igiyar haɓa, galibi za ka ga haruffan maƙera da shekara a buge. Ka ɗora mata maganaɗisu. In ta fagen daga ce ba zai kama ba, saboda irin ƙarfen da aka yi ta da shi mai haɗin manganis ne. Ta Italiya kuwa, M33, zagayayya ce mai zurfi, da ƙusoshi uku masu rami don shan iska, kuma sau da yawa akwai tambarin runduna da baƙin fenti a goshi. Wannan tambari shi ne farkon abin da ke tafiya in an goge.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Hulata ta farko wani dattijo ne ya ba ni, daga cikin akwatin ƙarfen mahaifinsa. Na shafa bayanta na ji kaushi kamar bangon da aka yi wa yaɓe, launin ƙasa-ƙasa, na ce wannan ai ƙurar guguwar habub ce ta shekara da shekaru ta daskare. Na zauna tsakar gida bayan la'asar da ruwan tsamiya da soso, irin yadda ake wanke tukunya. Kafin magariba rabinta ya fito fes yana ƙyalli, ina ta murna. Da na mayar wa dattijon ya gani, sai ya juya ta a hannu ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ina yashin?" Ashe da gangan ake cuɗa yashi a cikin fenti don kada hular ta yi walƙiya a rana maharbi ya hango mai ita. Abin da na kira dauɗa aikin hannun soja ne, kuma na zubar da shi a magudana. Mai tara kayan tarihi fentin nan yake saye, da ƙarzuwar da ke kansa, da suna ko lambar da wani ya rubuta a ciki. Ƙarfe tsirara kuwa ko a wurin 'yan gwangwan akwai.

Ƙa'idata ke nan tun daga ranar: in da sauran fentin asali ko da kashi ɗaya cikin uku, ba a gyara, tsare ta ake yi. Ka samo buroshin fenti mai laushi, sabo, busasshe, ka share ƙura a hankali daga tsakiya zuwa baki. Ba ruwa, ba sabulu, ba fetur, ba kananzir. In fenti na ɓarewa a wani wuri, tsallake wurin. Ka kuma tuna tsohon fenti kan ƙunshi dalma, saboda haka kada ka hure ƙurar da baki, kuma ka wanke hannu kafin ka kai ga jabana, wato gahawa.

Tsatsa iri biyu ce, kuma nan ma ana yawan kuskure. Wadda ta yi duhu, santsi, ba ta bin yatsa, ta riga ta kwanta, ka ƙyale ta. Ja mai gari-gari da ke ɓata maka yatsa ita ce mai ci. Ita kaɗai za ka bi, tabo-tabo, da tsinke mai auduga da ɗigon man keken ɗinki, kana canja audugar da zarar ta yi ja, sannan ka tsane man sarai. Kada ya taɓa fenti, domin yana sa shi duhu kuma ba ya komawa. A kan ƙarfen da ya fito, masu gidajen tarihi wani kaki mai suna Renaissance Wax suke shafawa. Yana da tsada kuma sai an yi saƙo daga waje, amma ƙaramin gwangwani ɗaya zai ishe ka shekaru. Na gwada kakin zuma don sauƙi, zafin Afrilu ya sa ya yi danƙo ya kwashi ƙura.

Shimfiɗar ciki ba a ciro ta. Kada ka kwance notin nan na tsakiya don ka leƙa, masu saye suna duba ko sukudireba ta taɓa shi. Fatar da ta bushe kada ka ba ta man shanu ko man kaɗe, za ta yi baƙi ta ruɓe. Kada kuma ka ɗage igiyar haɓa ka ɗora ta kan baki don ado, nan take tsinkewa.

Gyara yana da wurinsa. Hular da aka shekara ana ba kaji ruwa a ciki, ko aka kwaɓa siminti, ba shimfiɗa, ba ɗigon fentin asali, wannan kana iya kankare ta ka yi mata fenti marar ƙyalli. Sai dai ka rubuta shekarar gyaran a ciki, kuma ka faɗa wa duk wanda zai saya.

Ajiya kuwa, a bisa kantar kaya cikin ɗaki, nesa da taga, ba cikin leda ba, ba a ƙasa ba saboda gara na cin fata. Ka tallafe ta ta ciki da dunƙulen tsumman auduga don nauyinta kada ya hau shimfiɗar. Da damina, lokacin da kogin Gash ya kawo ruwa, ka riƙa juya ta kana duba ƙarƙashin baki duk bayan mako biyu.