Accra zuwa Kumasi: yadda za ka taka mota ba ta shanye maka mai ba

'Yan uwa masu hawa titin N6, kafin ku ce injin ne ke shan mai ku fara duba ƙafarku a kan totur. Dokar hanya ta Ghana ta 2012 ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 90 a babban titi, 100 kuma sai a motowe irin na Accra zuwa Tema, to shi wannan 90 ɗin bai yi nisa da inda yawancin ƙananan motoci suka fi lallaɓa mai ba.

Dalili kuwa iska ce. In ka ninka gudu, iskar da mota ke turewa ninki huɗu take yi, wato daga 90 zuwa 120 ta kusa ninkawa, kuma fetur ne ke biyan wannan kokawar. Me ka samu? A kilomita 100 minti 17 kacal, shi ma in hanya fayau take, alhali kowa ya san bayan Apedwa sai ka tarar da tirela mai zuwa Burkina tana jan jiki, ga Anyinam ga Konongo ga tirafik ɗin Ejisu, wanda ka yi wa obatekin a Suhum sai ka gan shi a madubi kun jeru tare.

Ga abin yi. Da farko duba mitarka da kyau, motocin da ake shigowa da su daga Amurka manyan lambobinsu mil ne ba kilomita ba, in allura ta hau 90 a nan wallahi wajen 145 kake yi. A irin wannan mita naka shi ne 55, kada ka wuce.

Sannan ka sa giyar ƙarshe ka tsayar da ƙafa waje ɗaya tsakanin 80 da 90. Abin da ke cin mai da gaske shi ne taka-ka-saki, ka danna totur ka kai bayan trotro ka taka birki ka sake dannawa. In ka hango gari ko shingen 'yan sandan hanya na MTTD ɗaga ƙafa tun daga nesa mota ta sauko da kanta, amma fa a cikin giya, banda firi, don motocin yanzu in ka ɗaga ƙafa a giya su da kansu suke yanke mai, kuma firi a gangara ganganci ne.

Iskar taya ka auna da safe wajen mai faci, adadin na liƙe jikin ƙofar direba. Kaya a kan rufi kuma in babu dole a sa su a but. Esi, wato na'urar sanyaya mota, ka bar shi a kunne, a babban titi sauke gilasai duka ba wata riba ba ce.

In kana son ka gani da idonka, yi ful tanki a Achimota ka mayar da mitar tafiya sifili, ka sake cikawa a Aboabo, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Wata tafiyar ka canza gudu ka sake lissafin.