Yadda ake mayar da silifas sandal, a kuma dawo da shi silifas, don zirga-zirgar Makka da Mina

A Makka ƙafa ɗaya takalmi iri biyu take buƙata. Ga alwala, ga banɗaki, ga shiga masallaci sau biyar a rana, duk waɗannan silifas suke so, wanda za ka zura ka zare ba tare da ka sunkuya ba. Ga kuma doguwar tafiya: daga masauki a unguwar Misfala zuwa Harami, daga tantin Mina zuwa wurin jifa, daga Muzdalifa a dawo Mina da asubar ranar 10 ga Zulhajji. Wannan tafiyar sai takalmin da ya riƙe dunduniya. Ɗaukar takalma biyu ƙarin kaya ne, kuma yawanci ɗayan yana can cikin jaka a lokacin da ake nemansa. Mafita ita ce silifas mai madaurin baya da ake iya juyawa gaba ko a cire gaba ɗaya. Ana sayensa a haɗe, ana kuma iya haɗa shi a gida da kayan da ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya sa silifas zalla ke ba da kunya a cunkoso shi ne, babu abin da ke riƙe shi sai yatsu. Duk taku sai yatsun sun ɗan ƙanƙame don kada ya fice, shi ya sa bayan 'yan kilomitoci tafin ƙafa da sha-raɓa ke fara ciwo. Sannan kowane taku bayan silifas ɗin yana rabuwa da dunduniya, na bayanka ya taka shi, ko dai hancin ya tsinke ko takalmin ya tsaya kai ka wuce. A hanyar Jamarat, wato wurin jifa, kuwa ba a sunkuyawa neman takalmi, ko da na zinariya ne. Sai mutum ya ƙarasa ba takalmi a kan kwalta. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kwaltar da rana ta wuni tana duka kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Farin marmaran da ke filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Thassos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi, wannan ke yaudarar baƙo ya ɗauka ko'ina haka yake. Da ya taka waje zai gane bambanci.

Idan saye za ka yi

Na kanti iri biyu ne. Akwai mai madauri a kan ƙusoshi biyu na roba, ɗaya kowane gefe, yana lilo gaba da baya irin na takalmin roba na Crocs. Akwai kuma mai madaurin yadi da ake ɓallewa. Ga na farko, kama madaurin ka juya shi kamar sau goma a gaban mai kanti, ka ja shi gefe. In ƙusar tana rawa a raminta tun yanzu, ba za ta kai ranar Arfa ba. Lanƙwasa takalmin da hannu: ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu kaɗai. Wanda ya naɗe biyu a tsakiya ba zai tallafi ƙafa ba. Juya ƙasansa ka duba zane. Mai sumul santsi zai yi da kai a tayil ɗin wurin alwala. Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, domin girman da za ta yi ke nan a Mina.

Silifas ɗin shagunan kayan araha da ake kira Abu Riyalain, wanda mutanen Saudiyya ke kira zannuba, na banɗaki ne. Kada a ɓata zare a kansu.

Idan haɗawa za ka yi

Fara da silifas mai kauri, tafinsa ya kai santimita 2, igiyarsa kuma faffaɗa, ta yadi ko ta roba mai laushi. Sharaɗi mafi girma: in ka sa shi, a samu rarar santimita 1 a bayan dunduniyarka. Madaurin baya yana tura ƙafa gaba ya kuma ja takalmin sama, saboda haka silifas ɗin da ya yi maka cif-cif zai zama ƙarami da zarar an sa masa madauri.

Kayan aikin su ne igiyar nailan mai faɗin santimita 2, irin ta jakar goyo ta 'yan makaranta, tsawon mita 1 ya ishi ƙafa biyu har da rara (tsohuwar jaka ma ta wadatar, a yanko daga jikinta). Sai roba mai miƙewa ta teloli, faɗinta ɗaya da igiyar, santimita 16. Sai Velcro, maƙalin nan mai manne wa juna, santimita 20, ɓangarensa mai kaushi da mai laushi. Sai zaren nailan, allura mai ƙarfi ko basilla, almakashi, laita, da tef ɗin awo na tela. A ƙara da wosha huɗu ko shida na roba ko na ƙarfe marar tsatsa, amfaninsu na nan tafe.

Mataki na farko awo ne, kuma a nan yawancin aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Sa silifas ɗin ka miƙe tsaye, nauyinka a kan ƙafar, wani ya auna maka. A zaune awo ƙarya yake yi. A jikin igiyar silifas, kowane gefe, a yi alama da biro santimita 3 sama da inda igiyar ta nutse cikin tafi. Daga alamar ciki a zagayo da tef ta bayan ƙafa zuwa alamar waje. Tef ɗin ya bi ta ɗan kwarin nan da ke saman tudun dunduniya, inda agara ta sauko, ƙasa da idon sawu. In ya sauka kan tudun, madaurin zai zame. In ya hau sama, zai goge idon sawu, ga kuma matsalar ihrami. A auna kowace ƙafa daban, don ba kasafai suke zuwa daidai ba.

Na biyu, yanka. A ce awon ya ba da santimita 24. Cire 1 saboda a samu ɗan ja, saura 23. A cikin 23 ɗin nan, 5 na tsakiya roba mai miƙewa ce, sauran 18 igiyar nailan ce, 9 kowane gefe. Kowane yanki na nailan a ƙara masa santimita 7 na naɗewa a jikin igiyar silifas, ya zama 16. Robar a yanka ta santimita 8, tunda 1.5 kowane gefe zai shige cikin ɗinki. Bi bakin kowane yankan nailan da wutar laita na daƙiƙa biyu ko uku har ya narke ya haɗe, in ba haka ba zai warware zare-zare. Bakin da aka ƙona yakan yi kaifi, don haka a danne shi da gefen almakashi tun yana da ɗumi, a kuma tabbata ya kalli waje, ba fata ba.

Na uku, haɗa roba da nailan. Ɗora su juna ka yi ɗinki mai kusurwa huɗu, ka ratsa shi da gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, irin ɗinkin da ke gindin hannun jaka. Layi ɗaya miƙaƙƙe ba ya jure ja. Robar ce za ta kasance ta ciki, wajen fata, ƙullin zare kuma ta waje. Wanda ɗinkin hannu ya gagara, ya kai wa tela ko mai gyaran takalmi, aikin minti goma ne a keke.

Me ya sa ba za a yi duka da roba ba, a huta? Saboda roba zalla miƙewa take yi duk lokacin da aka taka maka baya, takalmin ya fice kamar babu madauri. Nailan zalla kuma ba ya ba da wuri idan ƙafa ta kumbura da la'asar. Santimita 5 ɗin nan na tsakiya shi ne sulhu.

Na huɗu, maƙalai. A ƙarshen kowane gefe, a fuskar waje, ɗinka Velcro mai kaushi santimita 3 a can bakin, mai laushi kuma santimita 4 a ɗan baya, ta yadda in ka zura bakin ta ƙarƙashin igiyar silifas daga ciki ka naɗo shi waje, zai dawo ya manne a jikin kansa. Naɗin ya fita waje ne ko da yaushe. In ya juyo ciki, ɓangare mai kaushi zai riƙa cin fata.

Na biyar shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Igiyar silifas gangare take, madaurin kuma zai riƙa silalowa ƙasa har ya kwanta a kan tafi, dunduniya ta fice. Sai an yi masa birki. In igiyar ta yadi ce, yi ɗinki mai tudu a ƙasan alamar biro, zagaye shida ko bakwai a wuri ɗaya. In ta roba ce, kada ka huda ta, ramin allura nan ne tsagewa ke farawa. Naɗa zaren nailan sau goma a matse ka ƙulle ta waje. Gam mai saurin kamawa ba ya aiki a nan: yana bushewa ƙandas, ya kakkarye da an lanƙwasa.

Na ƙarshe, ƙarfafa hanci. Madaurin baya ya ƙara wa hancin silifas nauyin da ba a ƙera shi don shi ba, tunda yanzu ƙafa na tura shi gaba kowane taku. Juya takalmin, za ka ga maɓallan roba uku da suka riƙe igiyar ta ƙasa. Tura na hancin ya leƙo, ka tsaga wosha ta roba gefe ɗaya ka saƙala ta a wuyansa, ko ka jiƙa maɓallin da ruwan sabulu ka tura shi ta cikin wosha. Woshar ta fi ramin faɗi, maɓallin ba zai sake zarewa ba. Ta zauna cikin lotsawar da ke wurin, kada ta turo waje ta riƙa taɓa ƙasa. In na gefe biyun ma sun fara sakewa, a yi musu haka.

Shi ke nan. Madauri a baya, sandal. A ɗaga shi ta saman ƙafa ya kwanta kan igiyar gaba, silifas. A ɓalle shi a sa aljihun bel, silifas tsantsa.

Batun ihrami

Mata babu ruwansu da wannan, suna iya sa takalmi rufaffe da safa. Namiji mai ihrami ne aka hana abin da ya rufe idon sawu. Ɗinkin da ke jikin takalmi ba shi ne abin da aka hana ba, domin ɗinkakken da ake nufi shi ne tufar da aka yanka daidai da gaɓa, kamar riga da wando. Inda malamai suka saɓa shi ne madaurin baya. Da yawa sun halatta siririn madauri muddin idon sawu a buɗe yake, wasu malaman Malikiyya sun tsananta kan duk abin da ya rufe dunduniya, Hanafawa kuma suna son ƙashin tsakiyar saman ƙafa ya kasance a buɗe. Maniyyaci ya tambayi malamin da ke musu bita tun kafin miƙati. Amfanin madauri mai cirewa ke nan: kowace fatawa aka ba ka, takalminka ɗaya ne. Wanda aka ce ya cire, zai mayar da shi bayan ya yi jifa da aski ranar 10, ya mori abinsa a jifan ranakun 11, 12 da 13, waɗanda su ne suka fi cin ƙafa ga mai tanti a can ƙarshen Mina.

Abubuwan da ke ɓaci

Bororo a agara alama ce madaurin ya matse ko ɗinki ya taɓa fata. Sassauta Velcro da rabin santimita, ka manna filasta a wurin tun yana ja, kafin ya yi ruwa. Ciwo tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ma daga matsewar baya yake zuwa, ko daga layin da injin ƙira ya bari a jikin hancin. Kankare layin da reza, ka shafa man Vaseline marar ƙamshi, tunda turare haramun ne ga mai ihrami. In Velcro ya daina kamawa, ƙura da zaren tawul ɗin ihrami ne suka cika shi, tsefe shi da tsinken sakace. Takalmin soso mara nauyi, wanda ake yi da EVA, yana tsukewa in an bar shi a rana ko cikin mota a rufe, ka dawo ka tarar ya ragu, madaurin da ya yi daidai jiya ya ƙi kaiwa. A shanya shi a inuwa.

Kada ranar 8 ga wata ta zama ranar farko da za ka sa shi. Mako biyu kafin nan ka fara tafiya da shi, rabin awa a kwanakin farko, ka riƙa ƙarawa har awa biyu, ka kuma gwada shi a jiƙe, don ƙafa mai ruwan alwala zamewa take a cikin roba.

Mai ciwon suga ya bar silifas mai hanci kwata-kwata. Ƙafarsa na iya ƙonewa ko ta yanke bai ji ba, raunin kuma ya daɗe bai warke ba. Ya nemi mai faffaɗan madauri a saman ƙafa da tafi mai laushi, a yi masa madaurin baya ta wannan hanyar, ya riƙa duba ƙafarsa kowane dare har tsakanin yatsu, ya kuma nuna wa likitan tawagarsu takalmin kafin a fita Mina.

A ƙofar Harami kuma kada a ajiye shi a kantar takalma, ƙofofin suna da yawa, da wuya ka fita ta inda ka shiga. Haɗa tafi da tafi, ka zagaya su da madaurin ɗaya ya ɗaure su wuri guda, ka jefa cikin 'yar jakar zuge ka rataya a baya.