Turanci mai ƙyalli, ciki fayau: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Ka ɗauki rahoton wata ƙungiyar agaji ko takardar neman aiki, ka karanta shafi guda cur, sannan a tambaye ka me aka yi. Sau da yawa sai ka rasa ta cewa.

Babban laifin shi ne kalmar da ke lulluɓe aiki. "Empowerment" ta fi kowace shan wahala. Ɗan siyasa ya raba keken ɗinki, ita ce. Banki ya ba da rance, ita ce. An tara mutane a otal an ci shinkafa an watse, ita ce dai. Haka 'yan uwanta "capacity building", "sensitization" da "stakeholders". Gyaran shi ne ka titsiye jimlarka: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa, su nawa? Maimakon "we empowered women", faɗi cewa kun koya wa mata 30 ɗinki na wata 3, kowacce ta tafi da kekenta. In ka rasa amsa, to, aikin ne da sauran gyara, ba rubutun ba.

Su kansu masu harshen sun gaji. A 2010 Amurka ta kafa dokar Plain Writing Act, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya rubutu bayyananne. Jagorar rubutu ta shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ta jera kalmomin da za a guje wa, irin su "leverage", "facilitate" da "robust". Kan "deliver" (wato kai wa) ma har da gatse: fiza da wasiƙa ake kai wa mutum, ba manufa ba.

A takardar neman aiki kuwa, "passionate", "creative" da "motivated" sun sha fitowa a jerin kalmomin da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya ce an cika maimaitawa. Kowa ya iya yabon kansa. Goge su, ka rubuta abin da hannunka ya yi.

Sai kalmomin da ake ɗora wa ma'anar da ba tasu ba. A Najeriya ana cewa "I called him severally", ana nufin sau da dama, alhali Bature zai fahimci "daban-daban". "Several times" ake cewa. "Literally" na nufin a zahiri, don haka wanda ya rubuta "I literally died" sai a tambaye shi yaushe aka yi jana'izar. A hira ta wuce, amma a wasiƙar ofis cire ta.