Yadda Za Ka Koya Wa 'Yan Ƙaramar Sakandare Gina Jimla Da Gyara Salo

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in 'yan ƙaramar sakandare ya san irin wannan rubutu: "Sai na tashi sai na ga ana ruwa sai na ɗauki lema sai na fita sai na haɗu da abokina sai muka tafi." Layi huɗu ko biyar, babu aya ko ɗaya. Yaron yana da labari, labarin ma mai daɗi ne, amma bai san inda zai tsaya ya numfasa ba. Ga hanyar da nake bi da yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kuma da kunne nake farawa, sunayen nahawu su biyo baya.

Da farko, ka sa yaro ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi. Kada ka katse shi. Da kansa zai shaƙe a tsakiyar layi. Nan ne za ka ce masa ya ɗiga aya. Inda ya ɗan dakata kaɗan kuwa, waƙafi ne wurin. Minti goma sun isa.

Na biyu, ku nemo ƙashin bayan jimla: wa ya yi, me ya yi? Rubuta a allo, "Kare ya yi haushi." Kare shi ne yankin suna, sauran kuma yankin aiki. Daga nan kowane ɗalibi ya ƙara abu ɗaya. Wane kare? Yaushe? Don me? Kafin ka ankara jimlar ta zama, "Tsohon karen maƙwabcinmu ya yi haushi da tsakar dare saboda ya ji motsi a bayan gida." Sai ku riƙa goge kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ku ga wadda in an cire ta jimlar za ta rushe.

Na uku shi ne haɗa jimloli, kuma a nan ne maganin "sai... sai..." yake. Ba su gajerun jimloli uku: "An yi ruwan sama. Filin ya jiƙe. Ba mu buga ƙwallo ba." Ka hana su amfani da "sai" da "kuma". Dole su lalubo wani mahaɗin. Wani zai rubuta, "Ba mu buga ƙwallo ba saboda ruwan sama ya jiƙa filin." Wani ya ce, "Da aka yi ruwa filin ya jiƙe, don haka ba mu buga ƙwallo ba." Mai ƙarfin hali zai gwada "ko da yake", ya ga cewa sai ya canza ƙarshen labarin kafin ta zauna: "Ko da yake filin ya jiƙe, mun buga ƙwallo." A nan ne yaro ke gane cewa mahaɗi yana ɗauke da ma'ana: wannan dalili ne, wancan sakamako, wani kuma saɓani. Bayan sun yi da hannunsu ne nake faɗa musu sunayen ire-iren jimla, wato sassauƙar jimla, harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiya.

Mataki na huɗu na fi so, domin yara sun riga sun iya shi a baki, ba su dai san sun iya ba. Rubuta waɗannan:

Yara sun fasa taga.
Yara ne suka fasa taga.
Taga ce yara suka fasa.

Tambaye su wace tambaya kowace jimla take amsawa. Ta farko tana ba da labarin abin da ya faru. Ta biyu tana amsa "su wa suka fasa?" Ta uku kuma "me suka fasa?" Abin da aka kawo gaba shi ne abin da mai magana yake son a lura da shi. Nuna musu kuma yadda "sun" ta koma "suka", kamar yadda "yana" ke komawa "yake" a "Littafi ne yake karantawa." Yaron da ya fahimci wannan ya fara zaɓen yadda zai faɗi magana, kuma daga zaɓe salo yake farawa.

Na biyar, su ƙirga kalmomin kowace jimla a sakin layi ɗaya, su rubuta adadin a gefe. In ya fito 8, 9, 8, 7, rubutun yana tafiya da kiɗa ɗaya, mai karatu zai gyangyaɗa. Su gwada sa gajeriya bayan doguwa: "Na laluba aljihuna, na zazzage jakata, na koma har bakin ƙofa ina duba ƙasa. Babu makulli." Kalmomi biyun ƙarshe sun fi sauran nauyi. Haka ma aikatau: "ya tafi" ba daidai yake da "ya sulale" ko "ya ruga" ko "ya lallaɓa" ba. Amsa-kama, wato kalmomin da ke fito da kamannin abu ko yanayinsa, irin su "tsit" da "ƙirin", suna raya rubutu, amma ɗaya a sakin layi ta wadatar, domin da zarar yara sun ɗanɗana sai su cika shafi da su.

Wajen dubawa ka sassauta jan biro. Na taɓa cika wa wata yarinya shafi da gyara, ina ganin taimako nake yi. Mako na gaba layi uku kawai ta kawo, gajeru, babu kuskure, babu kuma labarin da ta saba bayarwa. Abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga lokacin sakin layi ɗaya nake zaɓa a aikin kowane ɗalibi. Nakan ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta fi kyau, in rubuta masa dalilin da ya sa ta yi kyau, sannan in nuna masa jimla ɗaya tak da zai sake ginawa ta hanya biyu daban kafin darasi na gaba.